Sandar Awo a Randar Aro

Shekarar da kurkunu ya kwantar da maigidana ita ce shekarar da na fi kowa yawo a unguwarmu, alhali ban je ko'ina ba. Daga ƙofar ɗakinmu zuwa ƙofar maƙwabciya, daga can in dawo, sai da na yi wa ciyawar da ke tsakani hanya. Lokacin Bature bai tafi ba tukuna. Muna zaune a gefen Lafia, ta bayan tashar jirgin ƙasa, mu huɗu a gida: ni, da maigida, da ɗanmu da ban daɗe da yaye shi ba, da mahaifiyar maigida wadda kowa ke kira Mama.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi, irin doyar da muka ajiye a inuwa ya fara tsiro, mai gona kuwa yana kwance a tabarma da ƙafa kamar turmi. Kullum da safe sai ya naɗe ɗan abin da tsutsar ta leƙo a jikin tsinke, a hankali, don in ta tsinke a ciki an shiga uku. Doya kuma ba ta jiran mai ciwo. In ba a tara tsibi an binne iri ba kafin ruwa ya kankama, shekarar ta wuce mu, kuma ba mu da wani abin kai wa baki sai abin da gonar nan ta ba mu. Shi ya sa aka ce a kira gayya.

A wajenmu ba da baki ake kiran gayya ba, da burkutu ake kiranta. Akwai sarkin gayya, wani dattijo dogo mai ƙarancin magana. Ranar jajibirin gayya da yamma yakan zo gidan mai gona ya tambayi tulu nawa aka samu, shi kuma ya kira maza daidai yawan tulunan, sauran ya sallame su su kama gabansu. Ba a sa mutum ya sunkuya tun fitowar rana ya tashi da busasshen maƙogwaro. Gidan da ya yi alkawarin tulu shida ya kawo huɗu, ko ya tsinka giya da ruwa don ta yi auki, ya gama ganin gayya a gonarsa, har 'ya'yansa sai an yi musu gori. Gonarmu tulu shida take ci, kowa ya san haka.

Dafa burkutu aikin Mama ne tun ban zo duniya ba. 'Yar guntuwa ce, busasshiya, bakinta kamar reza. Tun da na shigo gidan ba ta taɓa cewa na yi abu daidai ba, ni ma kuma, in faɗi gaskiya, ba kanwar lasa ba ce. In ta ce ɗaya sai na ce biyu a zuciyata, wani lokaci ma zuciyar ta kasa riƙewa. Tana da randarta ta tashin giya a kusurwar ɗaki, tana kuma da sandar awo, siririya, ta yi baƙi ta yi sheƙi don tsufa. Marigayi mijinta ne ya tsaga mata alamu a jiki da wuƙa, kowace tsaga tulu guda. Sai ta zura sandar har ƙasan randa, ta zaro, ta duba inda jiƙa ta tsaya, ta faɗi adadi. Ba a taɓa kama ta da kuskure ba, kuma ba ta bari a manta da hakan.

Dawar da ta rage mana a rumbu muka kwashe, saura kaɗan. Muka jiƙa, muka shimfiɗa a ƙasa muka rufe da ganye har ta yi tsiro, muka shanya. Ni na niƙa a dutse har tafin hannuna ya yi bororo. Aka dama, aka dafa, aka bari ta kwana ta yi tsami, aka sake dafawa. Hayaƙi ya cika gida, ido na ruwa, yaro na bin zanina yana kuka, maigida na nishi daga ɗaki. Maƙwabtanmu Musulmi 'yan kasuwa in sun zo wucewa sai su toshe hanci su ce, "Sannunku da aiki, Allah ya ba mai gida lafiya," mu ce amin. Ba mu taɓa samun saɓani da su a kan wannan ba.

Da ta huce muka tace, muka fara juyewa a randar Mama. Mun kusa gamawa ke nan na ji sanyi a tafin ƙafata. Na duba ƙasa, sai ga giya tana bin daɓe tana neman ƙofa. Randar ta tsage daga gindi, ta gefen bango inda ido ba ya kaiwa, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe take yoyo.

Mama ta fizgi ƙwarya ta fara kwasa. Maƙwabciyarmu ta tafi Awe saro gishiri ta bar mini ɗakinta amana, kuma na san tana da randar ruwa a ciki, wadda aka binne a ƙasa har wuya don ruwa ya yi sanyi. Na ruga na kwashe ɗan ruwan da ke ciki, na zura hannu na wanke sama-sama. Daga nan sai gudu, muna mayar da giyar cikinta. Ƙwarya, kwano, tukunyar miya, duk abin da hannu ya kama. Ni ina kai, Mama na ɗiba, muna karo a ƙofa, tana cewa ba ni da ido, ina cewa hanyar ce ba ta da faɗi. Wa ke da hankalin ƙirga a irin wannan hali? Da muka gama, ta zuba 'yar tsohuwar giyar da ake tayar da sabuwa da ita, ta rufe bakin randa da faifai.

Sai ta ce, "Ke, ɗauko mini sandata."

Na ɗauko. Ta zura, ta zaro, ta fita da ita bakin ƙofa inda ake gani. Jiƙar ta tsaya a tsaga ta huɗu, ko kaɗan ba ta haura ba.

"Ƙasa ta sha biyu," in ji ta.

Na tsaya ina kallon sandar. Wani abu ya tsaya mini a rai. Sa'ad da na zura hannu ina wanke randar nan, na miƙa hannuna gefe har kafaɗa ban taɓa bangonta ba. Ta Mama kuwa doguwa ce mai tsukakken ciki, na sha wanke ta, na san ta kamar yunwar cikina.

Na ce, "Mama, randar nan fa ba irin taki ba ce. Wannan tana da ciki."

"Kin ga cikin?"

"Ban gani ba, a binne take. Amma hannuna ya ji."

"Hannunki ya ji," ta maimaita, tana goge sandar da bakin zani. "Randa randa ce. Sandar nan ta girme ki, ta girmi mijinki. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"To mu juye a tuluna yanzu mu gani mana. Ga su can a jere."

Ta dube ni kamar na ce a zuba wa giyar toka. A wajensu giya in ta fara tashi ba a motsa ta. Ba a juye ta, ba a sa mata hannu, sai safiyar da za a sha. In aka taɓa ta tana tsakiyar aiki sai ta yi fushi ta kwanta, ta zama ruwan tsami salam, ko akuya ba za ta sha ba. Ni ma na san haka, a gidanmu ma haka ake yi. Amma ranar ji nake da ma ban sani ba.

Daga wannan lokaci zama ya gagare ni. In na ɗora tukunya sai in bar ta in tafi ɗakin maƙwabciya. In ɗaga faifai in saurara. Giyar ta fara magana, tana ƙananan ƙara, kumfa na taruwa a sama. In faki idon Mama in ɗauko sandar in zura. Kumfa ta lulluɓe ta har tsaga ta biyar, zuciyata ta yi tsalle, in busa kumfar, jiƙar gaske tana nan a huɗu. In dawo gida in tarar tuwo ya kama. In sake komawa. Na durƙusa na tona ƙasar gefen randar da ɗan itace ko zan ga inda cikinta ya nufa, sai na tarar daɓe ne mai tauri, kuma ɗakin mutane ne, amana. Na bari. Na kwanta rub-da-ciki na leƙa, duhu da wari suka mayar da ni. Na ƙwanƙwasa wuyanta da yatsa ina sauraro, kamar randa za ta buɗe baki ta gaya mini.

Maigida ya kira ni daga tabarma. "Wai me kike nema ne kike ta safa da marwa haka? Kin hana ƙofar nan hutawa."

Na gaya masa. Ya kalli rufin ɗaki. Can ya ce, "Bi maganar Mama." Me zai ce? Uwarsa ce, shi kuma ko tsayuwa ba ya iyawa.

Wata tsohuwa da ke sayar da daddawa ta leƙo, ta ji abin da ake ciki, ta rage murya ta ce a tafasa ruwa tulu biyu a ƙara, wa zai sani. Mama ta ce da ita, "Harshen maza talatin zai sani." Tsohuwar ta ɗauki tallanta ta yi gaba. A nan kam ban ja da Mama ba.

Washegari ita ce jajibiri. Tun safe nake bin Mama da magana ɗaya. Ta je ɗiban itace, ina bayanta. Ta zauna tsinkar rama, na zauna na taya ta, abin da ban saba yi ba. Na ce ko biyar ta ce, a raba tsakani. Ta ce in biyar ɗin ba ta cika ba fa? Na ce za ta cika. Ta ce da wace shaida? Na ce da hannuna. Ta ce hannuna ba shi da tsaga.

"Ki ji nan, yarinya," in ji ta, ta ajiye ramar. "In na ce huɗu aka sami huɗu, an yi mana rabin gona da ɗoriya, baɗi kuma a dawo. In na ce shida aka sami huɗu, ɗana ya rasa gayya har ya mutu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Haushi ya kama ni, don maganarta tana da kai, ni kuma ba ni da abin nunawa sai abin da nake ji a kafaɗata. Na tashi na tafi bayan gida na yi kuka, kukan haushi, na share ido na koma wajen randa. Na sake awo. Huɗu.

Da la'asar sarkin gayya ya zo. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar mangwaro, na durƙusa na gaishe shi. Ya leƙa ya yi wa maigida sannu, ya dawo ya zauna. Bisa al'ada na je na ɗebo masa ɗan ɗanɗano daga sama-sama a ƙaramar ƙwarya. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya gyaɗa kai.

"Hannunki yana nan, Mama. Nawa ne?"

"Huɗu," in ji ta.

Na ce, "Baba…"

Mama ta juyo ta kalle ni. Shi ma ya kalle ni, yana jira. Matar ɗa ba ta gyara wa surukarta magana a gaban baƙo, balle a kan giya, balle wannan surukar. Na ce, "Baba, ko a ƙaro maka?" Ya ce a'a, ya isa. Ya ce Allah ya kai mu, ya tashi. Na bi bayansa da ido har ya sha kwana, ina ji kamar in bi shi da gudu. Kafin magariba ya sallami mazan tulu biyu. Wani mai gona can nesa ta hanyar Obi yana neman hannu, suka ce da asuba can za su.

Gari na wayewa muka jera tuluna a ƙofar ɗakin maƙwabciya, da kwalabe biyu da wani ma'aikacin reluwe ya taɓa ba mu, waɗanda ake cika wa sarkin gayya nasa na musamman. Ba a toshe su da ƙarfi, totuwar masara ake sa musu sako-sako, in ba haka ba giyar ta harba marfin ko ta fasa kwalbar. Mama na ɗiba da ƙwarya, ni ina riƙe da tulu.

Na ɗaya ya cika. Na biyu. Ina leƙen randar ina ganin kamar giyar ba ta sauka yadda ya kamata. Na uku ya cika, na huɗu ya cika har wuya. Na cika kwalabe. Mama ta sake zura ƙwarya don ta kwaso gindi, sai ƙwaryar ta nutse ta fito cike, giya garau, ba ko tsaki.

Na je gida na ɗauko tulu na biyar. Ya cika. Na ɗauko na shida. Mama ta fara zubar da giya a gefen tulu, abin da ban taɓa ganin ya same ta ba. Na shida ya cika, har aka sami ragowar da ta kai rabin ƙwarya. Ashe ƙasa ba ta sha komai ba sai abin da ba a rasa ba. Randar gajeriya ce, amma cikinta ya bazu a ƙarƙashin ƙasa ta kowane gefe.

Na daɗe ina tanadin maganar da zan faɗa in wannan lokaci ya zo. Tun jiya nake wasa ta kamar wuƙa. Na buɗe baki, sai na ga fuskarta, na rufe. Tana durƙushe da ƙwarya a hannu tana kallon tulunan nan biyu, ta tsufa a gabana cikin ɗan lokaci.

'Yan matan unguwa suka zo ɗaukar tuluna zuwa gona. Ni na riga su, da gudu, ɗankwali a hannu. Na tarar maza sun riga sun sunkuya, garemani na tashi suna sauka, mai ganga na kaɗa musu. Na sami sarkin gayya a bakin gona na durƙusa ina haki na ce shida ne, Baba, shida ne, a kira sauran. Ya dubi rana, ya dubi hanyar Obi. Ya ce sun yi nisa, kuma sun riga sun ba wani bakinsu, ba a kiran mutum daga gonar da ya fara. Na ce to waɗannan su ƙara, ga giya. Ya ce, "'Yata, giya ba ta ƙara wa mutum hannu. Za su yi iyakar ƙarfinsu."

Sun yi kuwa, ba zan ci haƙƙinsu ba. Ban zauna ba ranar. Ina kai ruwa, ina kai giya, ina zagaya gona ina auna abin da ya rage da ido, ina duban rana kamar zan iya riƙe ta. Can da azahar sai ga Mama tafe, tulu na shida a kanta, ita da ta daina ɗaukar tulu tun kafin in zo gidan. Ta ƙi bari 'yan mata su karɓa. Ta sauke a bakin gona ta zauna kusa da shi. Maza suka sha, suka yaba, wani ya yi mata waƙa, ba ta ko ɗaga kai ba. Akwai wata bishiyar ƙirya da ke tsaye a cikin gonar. Da rana ta faɗi sun wuce ta da 'yan layuka, suka miƙe suna dafe ƙugu. Daga nan zuwa bakin rafi ciyawa ce tsaye, wurin da ya fi ko'ina ba da doya.

Da muka koma gida maigida ya ɗago kai ya ce, "Ina suka kai?"

Mama ta riga ni. "Sun wuce ƙirya kaɗan."

Ya ce, "To, an gode Allah," ya juya fuska bango. Giyar da ta rage ta kwana ta yi tsami, da safe na zubar a bayan gida. Babu dawar da za a sake dafa wata, kowa kuma ya koma tasa gonar. Na gwada garma da kaina, na tara 'yan tsibi karkatattu, ruwa ya zo ya baje rabinsu. Irin da ya rage ya ruɓe a inuwa, wanda bai ruɓe ba muka dafa. Kafin maigida ya taka ƙasa, lokaci ya wuce.

Da shekara ta zagayo, a tsakiyar damina, sa'ad da tsohon abinci ya ƙare sabo bai nuna ba, muka gane kurenmu. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, tuwon ma ba ya rufe gindin akushi. A kwanakin ne Mama ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Da yamma in na fara tuƙi sai ta yafa zani ta fita. In ta dawo na miƙa mata nata, sai ta tura wa yaron ta ce ita ta ci a gidan maƙwabciya, har ta yi gyatsa don mu ji. Kullum haka. Har na fara jin haushi, ina cewa a raina tsohuwa ta sami gidan daɗi tana kunyata mu a unguwa.

Wata rana na haɗu da maƙwabciyar a rafi, na ce bari dai in sauke nauyi. Na yi mata godiya a kan ɗawainiyar da take yi da Mama. Ta ajiye tulunta ta dube ni.

"Wace ɗawainiya? Takan zo dai ta zauna a bayan ɗakina har ku gama cin abinci. Na yi tayi har na gaji. Kullum sai ta ce ta ci a gida."